GIYAR DA KE CIN KANTA: Yadda Ake Farfaɗo Da Difaranshal Na Tsohuwar Motar Rediyo

A ƙarshen shekarar 1983 ne kamfanin Tamiya da ke birnin Shizuoka na ƙasar Japan ya fito da wata 'yar mota wadda ya raɗa wa suna Frog, watau Kwaɗo. Girmanta kashi ɗaya ne cikin goma na motar gaske, da batir take tafiya, ana kuwa tuƙa ta daga nesa da wata na'urar rediyo wadda mai ita ke riƙewa a hannu. Ba a haɗe ake sayar da ita ba. A cikin kwali take zuwa gunduwa-gunduwa tare da littafin bayani mai zane-zane, wanda ya saya shi ne zai zauna ya ɗaura kowane sukuru da hannunsa. Yara a Japan da Amurka da ƙasashen Turai sun yi rububinta ƙwarai, har kamfanin ya ɗauki ƙashin jikinta da akwatin giyarta ya ƙera waɗansu motoci a kansu, waɗanda suka fi shahara su ne Blackfoot da Monster Beetle, dukansu na shekarar 1986, masu manya-manyan tayoyi.

Yau shekara arba'in ke nan da 'yan kai. Yaran nan sun zama magidanta, waɗansu ma da furfura, kuma da yawa daga cikinsu sun koma neman motocin nan na ƙuruciya, wani a bayan garejin gidan iyayensa, wani kuwa da kuɗi mai kauri wajen masu cinikin tsofaffin kaya ta intanet. To sai mutum ya share ƙura, ya sa sabon batir, ya ajiye mota a ƙasa ya ba ta wuta. Maimakon ta zabura sai ya ji wata ƙara daga bayanta, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana jan sanda a jikin kwanon rufi, inji na kuka amma tayoyi na tafiya da ƙyar. Duk wanda ya taɓa mallakar ɗaya daga cikin motocin nan ya san wannan ƙara. Difaranshal ne ke cin haƙoransa, kuma kowace ƙas ɗaya da aka ji, wani ɗan ɓangare ne na giyar da aka zuba tun 1983 ya tafi ke nan ba zai dawo ba.

AIKINSA

Wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin babbar mota, ko kuwa Peugeot 504 irin ta ɗaukar kaya, ya ga wani ƙullin ƙarfe kamar ƙwarya a tsakiyar aksul na baya. A cikinsa difaranshal yake. Dalilin sa shi kuwa ba wuyar ganewa. Idan mota za ta sha kwana, tayar da ke waje tilas ta yi tafiya mai nisa fiye da ta ciki cikin lokaci guda. Alal misali, a ce tsakanin tayoyin baya na 'yar motar akwai santimita 20, ta zagaya da'ira wadda tayar ciki ke nesa da tsakiyarta da mita ɗaya. Kafin ta dawo inda ta tashi, tayar ciki ta ci misalin mita 6.3, ta waje kuwa mita 7.5. In an ɗaure su biyun a sanda guda, wannan bambanci na fiye da mita ɗaya ba shi da mafita sai dai wata taya ta ja ƙasa. Haka motocin Tamiya na farko masu shiga rairayi suke, irin su Rough Rider da Sand Scorcher na 1979: ba su da difaranshal sam, shi ya sa a ƙasa mai tauri sukan ƙi kwana ko su wuntsila.

Na cikin Frog ga yadda yake. Akwai babbar giya ta roba mai ƙarfi wadda inji ke juyawa ta hanyar wata giya ta tsakani. A jikin babbar giyar an yanka gurabe an dasa 'yan ƙananan giyoyi guda uku masu siffar mazurari, kowace na iya juyawa a kan 'yar sandarta. Dama da hagu kuma akwai giya ɗai-ɗai masu faɗi, su ma haƙoransu a karkace, sun rungumi ƙananan nan uku a tsakiya, kowace tana haɗe da shaf ɗin taya guda. In mota na tafiya sak, ƙananan ba sa juyawa a kan sandunansu, jan na gefe kawai suke yi gaba ɗaya. In an zo kwana sai su fara mirginawa, abin da aka rage wa wannan taya na gudu a ƙara wa waccan. Shi ya sa in aka ɗaga motar aka juya taya ɗaya gaba, ɗayar sai ta juya baya. Shi ya sa kuma in taya ɗaya ta tashi sama sai ta yi ta gudu ninki biyu a banza, wadda ke ƙasa tana tsaye, daidai abin da ke samun direban babbar mota in ƙafa ɗaya ta faɗa taɓo da damina.

INDA LAIFIN YAKE

Galibin waɗanda suka ji ƙarar nan, abin da suke fara yi shi ne su sayo sababbin giyoyi su sauya. Mota ta yi lafiya kwana biyu, sa'an nan ƙarar ta dawo, su sake saye. Gaskiyar magana kuwa ita ce ba giyoyin ne masu laifi ba, gidan da aka sa su a ciki shi ne bai riƙe su ba.

Duk giya mai karkatattun haƙora, in aka ɗora mata nauyi, ba juyawa kaɗai take yi ba, tana kuma ture abokiyarta gefe, kamar yadda tsinin gatari ke buɗa itace. A motocin da aka ƙera daga baya, ana kulle giyoyin nan biyar duka cikin wani ɗan gwangwani mai murfi da sukurori, don haka duk turin da suke yi a jikin gwangwanin yake ƙarewa. A Frog da 'yan'uwanta ba haka aka yi ba. Giyoyin a buɗe suke, abin da ke danne su kawai shi ne bangon akwatin giya, bangon kuwa faranti ne biyu sirara na alminiyam da aka matsa, da gidan roba a tsakaninsu. Da an ba mota wuta da ƙarfi sai giyoyin gefe su turo faranti waje, faranti ya lanƙwashe kaɗan, ba ya kai kaurin farce ba, amma ya isa haƙora su rabu su tsallake juna. Tsallakewar nan ita ce ƙarar. Da yake kuwa giyoyin na ƙarfe ne mai taushi wanda aka narka aka zuba a mazubi, kowace tsallakewa na daddatse kan haƙora, haƙoran da suka dakushe kuma sun fi saurin tsallakewa gobe. Ta haka abin ke ƙara lalacewa da kansa.

A Frog, mai ƙananan tayoyi da jiki marar nauyi, abin yakan daɗe bai bayyana ba. Blackfoot da Monster Beetle su ne suka tona asirin, domin an ɗora wa akwatin giya iri ɗaya tayoyi manya masu kama ƙasa. Daɗin daɗawa, abin sarrafa gudu na wancan zamani ba na lantarki ne mai lallaɓawa ba, wani maɓalli ne mai matakai uku gaba, wanda ke zuba wuta a dunƙule, yaro kuwa ba abin da ya fi so kamar ya fizgo mota daga cikakken gudu ya jefa ta ribas. Kamfanin da kansa ya gane matsalar, domin da ya fito da Super Blackfoot a 1992 sabon akwatin giya ya yi mata dabam.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin a yau shi ne ƙarfin kayan zamani. Injin da aka yi motocin nan dominsa shi ne Mabuchi mai lamba 540, da batir mai ɗiya shida, bolt 7.2, wanda ƙarfinsa ke raguwa tun ba a yi minti goma ba. Batirin lithiyam na yanzu da injin da ba shi da burushi suna iya zuba ƙarfin da ya ninka wancan nan take, ba su kuwa gajiya da wuri. Wanda ya ɗora su a kan faranti na 1983 kada ya zargi kowa.

BUƊEWA DA WANKEWA

Kafin a taɓa sukuru ko ɗaya, akwai abu biyu da masu wannan sana'a suka koya da asara. Na farko, sukurorin Tamiya ba irin na Phillips ba ne ko da yake sun yi kama, na ma'aunin Japan ne da ake kira JIS. Sukurudireban da bai dace ba yakan zame ya cinye kan sukuru, sukurun da ya shekara arba'in a zaune kuwa ba ya yafe zamewa. Na biyu, robar jikin motar ta tsufa ta bushe. Galibin sukurorin su suka yanka wa kansu tiredi, watau zanen da suke bi a cikin roba, ranar da aka fara ɗaura su. In za a mayar da su, sai a fara juyawa baya a hankali har a ji sukuru ya faɗa tsohon zanensa, sa'an nan a ɗaura gaba, a tsaya da zarar ya zauna. Wanda ya yanka sabon zane a kan tsoho, ko ya ƙara rabin juyi don neman ƙarfi, sai ya ji roba ta tsage, gidan giya na asali kuwa ba a kowane kanti ake samunsa ba.

Ana cire tayoyin baya, a zare shaf biyu daga cikin rigunansu na roba, a kwance inji, sa'an nan a ɗaga faranti ɗaya kawai a bar ɗayan a ƙasa kamar tire. Ya kyautu a ɗauki hoto kafin a motsa kome, a kuma jera kayan a kan farin ƙyalle bisa yadda suka fito, na dama a dama na hagu a hagu. Abin da za a tarar galibi shi ne wani baƙin ƙulli mai danƙo, tsohon giris ne da ya cakuɗe da garin ƙarfe da yashi. In ya yi launin toka yana ƙyalli, to haƙoran giya ne aka niƙa a cikinsa.

Kayan ƙarfe ana iya wanke su da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Kayan roba kuwa ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka sun ishe su. Fetur da tina da maganin wanke birki na feshi suna cin irin wannan roba, wani lokaci nan take, wani lokaci sai bayan mako a ga ta yi tsaga-tsaga.

Bayan sun bushe sai dubawa, a nan ne kuwa ake son haske da haƙuri. Haƙorin giya mai lafiya kansa a daidaice yake, gefensa biyu iri ɗaya. Wanda ya ci wuya kansa ya yi tsini kamar wuƙa, ko ya kwanta gefe guda, ko ya yi sulɓi yana walƙiya. In ɗaya daga cikin biyar ɗin ta mutu, duka biyar ake sauyawa, domin sabuwa a tsakanin tsofaffi ba ta daɗewa. Sai 'yan sandunan da ƙananan giyoyi ke juyawa a kansu, da guraben da suke zama a jikin babbar giya, a ga ko sun buɗe. Sai faranti: a kwantar da kowanne a kan gilashi, in yana rawa ko ana ganin haske a ƙarƙashinsa, ya riga ya lanƙwashe, kuma sabuwar giya a bayan lanƙwasasshen faranti asarar kuɗi ce. Ana iya miƙe shi a hankali tsakanin katako biyu, amma alminiyam da aka tanƙwara aka mayar ba ya komawa ƙarfinsa na da.

Sai bushin. Waɗansu daga cikin motocin nan da bushin na roba ko na tagulla suka zo a maimakon boris, don a rage tsada. Bushin in ya ci sai shaf ya riƙa lilo, lilon nan kuwa kai tsaye yake zuwa bakin haƙora. Sauya su da boris mai murfi shi ne gyara mafi araha kuma mafi amfani, ba ya kuma ɓata kome a jikin mota, ko masu tsananin son kayan asali ba su cika yin gardama a kansa ba.

Akwai kuma shaf ɗin kansu. Na asali kawunansu masu kusurwa shida ne, suna shiga wani kofi mai kusurwa shida, da rigar roba a kai don tsare giris. Da rigar ta yage yashi ya shiga, kusurwoyin sai su goge su zama da'ira, shaf ya riƙa juyawa a banza. Ƙararsa ta yi kama da ta difaranshal, har mutane da yawa sun buɗe akwatin giya alhali ciwon a waje yake. Da kamfanin ya sake fito da Frog a 2005 ya sauya wannan shaf da irin mai 'yar sanda a gicciye a kowane kai. Sake fitowar nan, da ta Monster Beetle a 2015 da Blackfoot a 2016, ita ce ta ceci tsofaffin motoci masu yawa, domin kayan gyara sun dawo kasuwa. Sai dai ba kowane sabon abu ne ke auren tsoho ba, don haka giyar gefe da kofinta da shaf ɗinta gara a saye su zubi ɗaya.

HANYOYIN ƘARA ƘARFI

Mafi sauƙi ita ce siraran wosha. Ana sayar da su kauri dabam-dabam, milimita 0.1 da 0.2 da 0.3, ana sa su a bayan giyoyin gefe don a cike gurbin da suke samun ja da baya. Aiki ne na gwaji: a sa, a rufe, a ɗaura sukurori duka, a juya taya da hannu. In ana jin kwaram-kwaram kafin ɗaya tayar ta amsa, da sauran wuri, a ƙara. In ana jin gargada kamar ana taka tsakuwa, an matse da yawa, a rage. Abin da ake nema shi ne juyi mai santsi da ɗan nauyi kaɗan, kuma a raba woshar dama da hagu daidai don babbar giya ta tsaya a tsakiya. Mutum na iya buɗewa da rufewa sau biyar kafin ya dace. Amma fa wosha ba ta hana faranti lanƙwasa, rage masa wurin ɓarna kawai take yi. Ga wanda zai bar injin asali ya riƙa tuƙi cikin natsuwa, ta wadatar.

Wajen giris ma akwai dabara. Mai kauri da danƙo, irin wanda ake kira na hana cin ƙarfe, in aka shafa wa giyoyin nan biyar yana rage musu saurin mirginawa, don haka taya ɗaya ba ta kwashe ƙarfi duka in ta tashi sama. Amma a nan kaɗai ake sa shi. Babbar giya da ta tsakani giris marar nauyi suke so, ɗan kaɗan, in ba haka ba inji ya yi ta zafi yana fama da danƙo.

Hanya ta biyu ita ce a ƙarfafa bangon. Akwai masu ƙera faranti mai kauri da aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyam, akwai kuma masu yin wani maƙali da ke rungumar akwatin daga waje ya hana shi buɗewa, waɗansu ma a gida suke buga shi da na'urar nan mai ƙera abu da narkakkiyar roba. Kyawun wannan hanya shi ne ta tafi kai tsaye ga tushen ciwon, kuma ranar da aka ga dama a kwance a mayar da mota yadda take.

Hanya ta uku ta masu ƙarfin hali ce. Ana huda kofin shaf na gefe ɗaya tun daga waje har ciki, a yanka tiredi na milimita 3 a cikin na ɗaya gefen, a zura dogon sukuru ya ratsa tsakiyar difaranshal ya ɗaure su biyun. Ta haka turin da giyar dama ke yi da wanda ta hagu ke yi sai su kashe juna a jikin sukurun, faranti ya huta. Dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma tana aiki. Sai dai tilas kan sukurun ya sami damar juyawa a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma a kafe shi da gam ɗin tiredi, in ba haka ba kwana ɗaya za ta kwance shi wata kwanar ta ƙara ɗaure shi har difaranshal ya kulle. Gam ɗin nan kuma kada ɗigo ɗaya ya taɓa roba, yana fasa ta. Huda in ta karkace ko da kaɗan ne, kofi ya tashi aiki. Wanda zai gwada, ya gwada a kan kofunan sabon zubi, ya bar na 1983 lafiya.

Akwai ta huɗu, wadda yaran wancan zamani suka fi yi da kuɗin makaranta ya ƙare: a cika difaranshal da gam mai tauri ya zama dunƙule guda. Ƙara takan ɗauke, ba shakka. Amma mota ta koma irin ta 1979, ba ta son kwana, wahalar da aka ɗauke wa giya kuma ta koma kan shaf. Masu sayen tsofaffin motoci har yau suna buɗe akwati su tarar da wannan aika-aika.

MAI 'YA'YAN BORIS

Gyaran da ya fi kowanne tsada shi ne a fitar da giyoyin nan biyar gaba ɗaya a sa wani irin difaranshal wanda ba shi da haƙora a ciki. A fagen 'yan motocin rediyo, asalinsa daga Ingila ne. A ƙarshen shekarun 1970 wani injiniya mai suna Cecil Schumacher, wanda ke aiki a kamfanin Cosworth mai ƙera injunan motocin tsere a Northampton, ya ƙera shi don 'yar motar rediyo ta ɗansa, abin ya karɓu har ya kafa kamfani mai sunansa. Motar RC10 ta kamfanin Associated na Kalifoniya, wadda ta fito a 1984 ta kuma ci gasar duniya a 1985, da irin wannan difaranshal ta zo. Tun cikin shekarun 1980 wani kamfanin Amurka mai suna Thorp ya yi wa Frog da Blackfoot nasu, bayan sake fitowar Blackfoot a 2016 kuma kamfanin MIP ya yi sabo.

Yadda yake aiki abin sha'awa ne. An huda babbar giya ramuka a zagaye, an sa ƙwayar boris a kowane rami, a galibin na tsere guda goma sha biyu. Dama da hagu akwai zobe mai faɗi na ƙarfe mai tauri, kowanne a manne da kofin shaf, sukuru guda da ɗan sifirin suna matse zobban biyu a jikin ƙwayoyin. In ana tafiya sak, matsin ne ke jan zobban tare. In an zo kwana, ƙwayoyin su mirgina tsakaninsu, wannan zobe ya yi gaba wancan ya yi baya. Ba haƙorin da zai tsallake, kuma da yake sukurun tsakiya ne ke ɗauke da matsin duka, ba abin da ke tura faranti.

Amma shi ma yana da nasa hali, kuma a wajen ɗauri yake. In ya yi sako-sako sai zobba su zame a kan ƙwayoyi da wata ƙara kamar haushin ɗan kwikwiyo, zafi ya tashi, cikin 'yan mintoci ƙwayoyi su yi fuska, ramukan babbar giya su narke. In an ɗaure fiye da kima kuma ƙwayoyin su haƙa rami a jikin zobe. Ana ɗaurawa ne kaɗan-kaɗan ana juya kofunan tsakani, har a kai inda in aka riƙe tayoyin biyu aka gwada juya giya da yatsa ba za ta zame ba sai da ƙyar. Bayan an yi tafiyar batir ɗaya a hankali sai a sake dubawa, domin sabo yakan saki bayan ya zauna. Giris ɗinsa ma iri biyu ne, ba a kuwa musanya su: farin nan na silikon a kan manyan ƙwayoyi da zobba, baƙi mai santsi a kan ɗan ƙaramin boris da ke ƙarƙashin kan sukuru. Wanda ya shafa baƙin a kan zobba, duk ɗaurin duniya ba zai hana zamewa ba. Zobe in ya yi zane ana iya juya bayansa, ko a goge shi a kan samfefa mai laushi da aka shimfiɗa bisa gilashi. Watau dai wanda ya sa irin wannan ya rabu da ƙarar haƙora, amma ya ɗauki aikin dubawa lokaci-lokaci, musamman a ƙarƙashin manyan tayoyin Monster Beetle.

TA AJIYA KO TA GUDU

Tambayar da ke raba masu wannan sha'awa gida biyu ita ce iyakar inda gyara zai tsaya. Masu tara motocin don ajiya suna biyan kuɗi ne saboda kowane abu na asali ne, har shaf mai kusurwa shida da aka san ba shi da ƙarko. A wurinsu motar da aka huda wa kofi ko aka sauya wa faranti darajarta ta ragu, ko da ta fi da lafiya. Masu gudu kuwa suna ganin motar da ba ta taɓa ƙasa ba ba mota ba ce, kuma a Ingila da Amurka ana shirya tseren tsofaffin motoci inda ake kasa su bisa shekarar fitowarsu.

Abin da ya fi kama da hankali shi ne kada a nemi abu biyu a jikin giya ɗaya. In motar ta asali ce kuma giyoyinta na da sauran rai, a wanke su, a shafa giris, a sa boris da wosha, a bar mata injin 540, a sa mata abin sarrafa gudu na lantarki mai tashi a hankali, a kuma daina jefa ta ribas tana cikin gudu. In kuwa ana son a yi ta tsalle da ita a fili da batirin zamani, to a haɗa akwatin giya na biyu daga kayan sabon zubi, a yi masa maƙali ko sukurun tsakiya ko mai 'ya'yan boris, duk abin da za a huda a huda a can. Akwatin nan da 'yan sukurori kaɗan yake maƙale a jikin mota, sauya shi bai fi aikin yamma ɗaya ba.

Ko wanne aka zaɓa, gwajin ƙarshe iri ɗaya ne. A ɗaga mota a juya taya ɗaya, ɗayar ta juya baya ba gargada. A ajiye ta a kan ciyawa, inda taya ke kama ƙasa sosai, a dafa ta da hannu a ba ta wuta kaɗan na daƙiƙa ɗaya, a saurara. In ba a ji ƙas ba, a sake ta ta yi zagaye dama da hagu, sa'an nan a taɓa inji a ji ko ya yi zafi fiye da kima. Tsofaffin giyoyi da faranti da aka cire kuwa a wanke su a shafa musu ɗan mai, a zuba a leda a rubuta sunan motar da gefen da kowanne ya fito, a ajiye cikin kwalinta, domin wanda zai saye ta nan gaba su zai fara tambaya.